Marco Simoncelli, Mai Lamba 58

Jama'a masu saurarenmu a birnin Zazzau da kewaye, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau a kan wani matashi ne da yawancinku ba ku taɓa jin sunansa ba. Sunansa Marco Simoncelli, ɗan ƙasar Italiya, matuƙin babur a gasar MotoGP, wadda babu ta sama da ita a tseren babura a duniya. Ranar Lahadi 23 ga Oktoban 2011 ya mutu a filin tsere na Sepang da ke Malesiya, ana tsaka da gasa, yana ɗan shekara 24. Duk shekara idan Oktoba ta kama, masu bin wannan wasa sukan tuna da shi. Mu ma ya cancanci mu tuna da shi, domin a garin da babur ke kai yara makaranta, ya kai mai naƙuda asibiti, ya ɗora tukunya a gidaje da dama, mutuwar mutum a kan babur magana ce da ta shafe mu.

Wanda ya taɓa ganin Marco ko sau ɗaya ba zai manta da shi ba. Dogo ne, alhali galibin masu wannan sana'a gajeru ne marasa nauyi, ga tulin suma a kansa, ga yawan fara'a. Lambar babur ɗinsa 58. A garin Coriano ya tashi, tun yana ƙaramin yaro mahaifinsa Paolo yake kai shi tseren ƙananan babura. A 2008 ya zama zakaran duniya a rukunin 250cc a kan babur ƙirar Gilera, kuma a wannan fili na Sepang ne ya tabbatar da kambun nasa. Shekara uku bayan nan a can rai ya yi halinsa.

Ba za mu ɓoye muku ba, ba kowa ne ke yabon tuƙinsa ba. Yana da zafin kai, yana kutsawa inda wasu za su ɗaga ƙafa. A watan Mayun 2011, a Le Mans ta ƙasar Faransa, ya gogi wani abokin tserensa, Dani Pedrosa, a kwana, Pedrosa ya faɗi ya samu karaya a kafaɗa, alƙalan gasa suka hukunta Marco. Wani fitaccen matuƙin, Jorge Lorenzo, shi ma ya soki tuƙinsa a gaban 'yan jarida. Amma wanda ya bi shi zuwa ƙarshen wannan shekara ya ga yaro ya fara natsuwa. A Agusta ya zo na uku a Brno ta Jamhuriyar Czech, karo na farko ke nan da ya hau dandamalin karramawa a babban rukuni, wato MotoGP. Mako guda kafin mutuwarsa ya zo na biyu a Phillip Island ta Ostareliya, sakamako mafi kyau da ya taɓa samu a MotoGP. Abin da ya fi taɓa zuciya ke nan a labarinsa: daidai lokacin da hannunsa ya fara faɗawa tafiyar ta yanke.

To, yaya abin ya faru? Ina so ku saurari wannan da kyau, musamman ku 'yan uwana masu sana'ar achaba da ƙannenmu masu hawa don nishaɗi.

Babura irin nasu a wancan lokacin injin 800cc gare su, suna wuce kilomita 300 a awa guda a miƙaƙƙiyar hanya. Boxer ɗin da ke ɗauko ku daga PZ zuwa Samaru 100cc ne. A zagaye na biyu, a kwana ta 11, Marco yana na huɗu, sai tayarsa ta gaba ta sulɓe. A wannan wasa faɗuwa ba wani abin mamaki ba ne. Matuƙi yakan faɗi, ya yi ta jan ƙasa cikin rigarsa ta fata, shi da babur su zarce wajen hanya inda aka shimfiɗa tsakuwa don ta rage musu gudu, ya tashi ya kakkaɓe jikinsa. An tsara filin ne gaba ɗaya don wanda ya faɗi ya fita daga hanya. Marco bai saki babur ɗin ba, yana maƙale da shi yana ƙoƙarin tayar da shi, sai tayoyin suka sake kama kwalta. Maimakon ya yi waje, babur ɗin ya yanko tsakiyar hanya da shi, daidai gaban mutum biyu da ke tafe a guje, Colin Edwards ɗan Amurka da Valentino Rossi ɗan Italiya. Babu birkin da zai tsayar da su a wannan tazara. Suka buge shi, ƙarfin bugun ya cire hular kwanon da ke kansa. Aka ɗaga jar tuta, aka tsayar da tsere, daga baya aka soke shi baki ɗaya. Likitoci sun kai minti 45 suna ƙoƙarin ceto ransa, amma raunukan kai da wuya da ƙirji sun yi yawa. Lokacin da ya cika, a nan Najeriya ƙarfe goma na safe ba ta ƙarasa ba.

Rossi aminin Marco ne. Tare suke atisaye, ƙani ya ɗauke shi. Kyamara ta nuna shi zaune a rumfar tawagarsa yana kuka. Babu mai hankalin da ya ɗora masa laifi, amma ku auna abin da mutum zai riƙa ji a ransa har ƙarshen rayuwarsa.

Wannan ita ce mutuwar da har yau masana wasan ba su gama samo mata magani ba. An inganta hular kwano, an faɗaɗa gefen hanya, tun 2018 aka wajabta riga mai jakar iska da ke kumbura kafin mutum ya kai ƙasa. Amma wanda ya faɗi a gaban ayarin babura, na bayansa ne ke zama ajalinsa. Haka Shoya Tomizawa ɗan Japan ya mutu a filin tsere na Misano da ke Italiya a 2010, yana da shekara 19. A 2021 kaɗai yara uku suka tafi ta wannan hanya: Jason Dupasquier mai shekara 19, Dean Berta Viñales mai 15, da Hugo Millán mai 14. Bayan haka ne hukumomin wasan suka ɗaga shekarun shiga gasar duniya zuwa 18 daga 2023, suka kuma rage yawan baburan da ke tashi tare a gasannin yara.

Yanzu mu dawo gida. Wa bai taɓa cin karo da ayarin rakiyar amarya ko na abokan ango a hanyar Ƙofar Doka zuwa Tudun Wada ba? Samari sun jeru kafaɗa da kafaɗa, wani ya yi goyon biyu, wani uku, wannan ya ɗaga tayar gaba, wancan ya miƙe tsaye a kan sirdi ya saki hannu, silifas a ƙafa, kai babu ko hular zanna balle ta kwano. Tazarar da ke tsakanin na gaba da na baya ba ta kai taku biyu ba. Ga yashi a gefen kwalta, ga rami, ga akuya, ga yaro mai talla zai tsallaka, ga tirela ta taho daga Kwangila. Idan na gaba ya zame, wa zai taka shi? Abokinsa ne, wanda suka ci tuwon biki tare ɗazu, ko ɗan ƙanen babansa. Sai a kwashi ɗaya a yi asibitin Shika da shi, ɗayan kuma a bar shi da abin da zai hana shi barci shekara da shekaru.

Na san wani zai ce, to ai shi Baturen da hular tasa ya mutu. Gaskiya ne. Amma ku tambayi kanku sau nawa shi da abokan tserensa suka faɗi a gudun da ya ninka namu, suka tashi da ƙafarsu saboda wannan hula da wannan riga. Wani kuma zai ce kwana ne ya ƙare. Mun yi imani da ƙaddara, babu mai wuce ranarsa. Sai dai imani da ƙaddara bai taɓa hana Musulmi ɗaure igiyar hularsa a haɓa ba, bai kuma halatta masa jefa ran ɗan wani cikin haɗari ba.

Mahaifin Marco yana filin ranar da abin ya faru. Da ya ce ba zai ƙara kallon babur ba, babu mai ganin laifinsa. Sai ya kafa tawagar tsere mai suna SIC58 don horar da yara masu tasowa, iyalin kuma suka kafa gidauniya da ta gina cibiyar kula da masu buƙata ta musamman a Coriano. A 2012 aka sa wa filin tsere na Misano sunan Marco, a 2016 aka jingine lamba 58 a babban rukuni. A 2019 wani yaron tawagar, Tatsuki Suzuki ɗan Japan, ya lashe tseren Moto3, wato ƙaramin rukuni na gasar duniya, a wannan fili mai ɗauke da sunan ɗan maigidansa.

Son gudu da son burgewa yana jinin samari, a Italiya ko a Zazzau, faɗa da zagi ba za su cire shi ba. Abin da muke roƙo shi ne masu unguwanni da iyayen ango su riƙa shimfiɗa sharaɗi tun kafin ranar ɗaurin aure cewa babu wasan babur a kan titi, shugabannin ƙungiyoyin 'yan achaba su ja kunnen 'ya'yansu a kan barin tazara idan ana tafiya a ayari. Idan kuwa akwai yaran da suka nace sai sun gwada gwaninta, Zariya ba ta rasa fili ba. Hukuma da masu hannu da shuni su keɓe musu wuri nesa da motoci da masu tafiya a ƙasa, a sa ƙa'idar shekaru, kowa da hular kwanonsa, motar asibiti na tsaye a gefe kafin a tayar da inji.

Mu kwana nan, sai Allah ya kai mu wani makon.