Daƙiƙa takwas: yadda aka raba Fignon da LeMond a tseren keken Faransa na 1989

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu da ke gaba, 'yan'uwa matasa masu keke, barkanku da yamma. Na baya suna ji na? To madalla.

Ɗazu wani ƙanena ya tare ni a bakin ƙofa da tambaya: yaya mutum zai sha kaye a ranar ƙarshe amma a ba shi kofi, ko ya ci ranaku da yawa kuma ya tashi a tutar babu? Amsar tana cikin yadda ake lissafi. Tseren Tour de France zango-zango ake yin sa, kusan mako uku. Kowace rana ana rubuta lokacin da mutum ya ɗauka, a tara da na jiya. Wanda jimillarsa ta fi ƙanƙanta shi ke sa riga mai ruwan ɗorawa, wanda kuma ya isa Paris da ita shi ne zakara. Kamar littafin bashin mai shago ne, abin da ka ci ranar farko yana nan a rubuce har ranar biya.

A 1989 mahaya 198 suka tashi daga Luxembourg ran 1 ga Yuli, 138 suka isa Paris ran 23, bayan kilomita 3,285. Ga sakamakon: Greg LeMond ɗan Amurka, awa 87 da minti 38 da daƙiƙa 35. Laurent Fignon na Faransa, daƙiƙa 8 a bayansa. Pedro Delgado ɗan Sifaniya, minti 3 da daƙiƙa 34. Sean Kelly na Ireland ya tafi da koriyar riga ta wanda ya fi tara maki, Gert-Jan Theunisse ɗan Holan ya zama sarkin hawan dutse. Ba a taɓa raba na ɗaya da na biyu da ƙanƙanuwar tazara irin wannan ba a tarihin gasar. In ka auna daƙiƙa takwas da matsakaicin gudun da suka yi, ba ta kai tsawon filin ƙwallo ba.

Mu fara da Delgado, don shi ne mai riƙe da kofin 1988. Ranar buɗewa ana tashi ne ɗaya bayan ɗaya, kowa da lokacinsa. Bawan Allah ya tafi ɗumama jiki, ya dawo ya tarar agogonsa ya riga ya ci minti 2 da daƙiƙa 40. (Dariya.) Ku daina dariya, da yawanku haka kuke zuwa atisaye! Zakara ya kwana a na 198. Washegari a tseren ƙungiyoyi ya ƙara zubar da lokaci. Duk da haka ya ƙare na uku, sai ku cire lattin nan daga tazararsa ku ga abin da ya rage.

LeMond kuwa, ba wanda ya sa shi a lissafi. Ya ci gasar a 1986, Ba'amurke na farko da ya yi haka. A Afrilun 1987 sun fita farautar talotalo a Kalifoniya, wani surukinsa ya harbe shi bisa kuskure, ya kusa rasa ransa, aka bar masa ƙwayoyin harsashi sama da talatin a jiki. Ya dawo gasar a 1989 a ƙaramar ƙungiya ta Beljiyam mai suna ADR, wadda ba ta da masu raka shi kan dutse. Fignon ya ci 1983 da 1984, a wannan shekarar ma ya zo da kofin tseren Italiya a hannu. Farfesa ake ce masa saboda tabarau. Ƙungiyarsa Super U, kuma kun san irin keken da suke hawa? Raleigh, sunan da kakanninmu suka sani tun ana kai amarya a bayan keke.

Rigar nan mai ruwan ɗorawa ta yi ta kaiwa da komowa tsakaninsu. A zango na 5, tseren agogo (wanda kowa ke tashi shi kaɗai ana auna lokacinsa) mai kilomita 73 zuwa Rennes, LeMond ya karɓe ta da daƙiƙa 5. A dutsen Superbagnères Fignon ya ƙwace da daƙiƙa 7. A Orcières-Merlette ta koma wa LeMond da 40, ya kai ta 53. Sai Alpe d'Huez, hawan nan mai lanƙwasa 21, inda ƙafar LeMond ta yi sanyi, Fignon ya tsere masa ya sa rigar da daƙiƙa 26. Washegari a Villard-de-Lans ya sake kai hari shi kaɗai, tazara ta zama 50. Mutanen Faransa suka fara shirin biki.

Ranar ƙarshe tseren agogo ne daga Versailles zuwa titin Champs-Élysées, kilomita 24.5 kacal. Ku yi lissafi: sai LeMond ya ci fiye da daƙiƙa biyu a kowace kilomita. Masana suka ce da wuya.

Ga hoton mutanen biyu. LeMond ya sa hular kwano mai tsini a baya, ya ɗaura wani lanƙwasasshen ƙarfe a kan keken, ya ɗora gwiwar hannu a kai, ya haɗe hannuwa gaba, ya tsuke jiki kamar mai shiga rami. Wanda ya taɓa tuƙa keke yana fuskantar iskar hunturu ya san dalili. A irin wannan gudu, iska ce babbar abokiyar gaba. Ya kuma gaya wa mutanensa kada su faɗa masa tazara a hanya. Fignon ya fito kai babu hula, gashinsa a ɗaure yana kaɗawa, hannuwa a buɗe, ƙirji yana tarar iska. Ga kuma wani ciwo kamar maruru da ya fito masa a mazauni, zaman sirdi ya zame masa azaba.

LeMond ya gama a minti 26 da daƙiƙa 57, gudun kilomita 54.5 a awa. Ya tsaya yana kallon agogo, domin Fignon ya tashi minti biyu bayansa. Daƙiƙa hamsin ɗin suka ƙare Fignon yana kan titi bai kai layi ba. Ya iso da ratar 58, ya zube ƙasa.

Mutane suna cewa ƙarfen nan ne ya ci gasar. Ni ban yarda gaba ɗaya ba. Tun zango na 5 Fignon ya ga LeMond da shi, an kuma halatta masa, ke nan ba ɓoyayyen abu ba ne. Kuma Fignon bai yi lalaci a ranar ba, shi ne na uku a zangon. Daƙiƙa takwas ɗin suna warwatse a mako uku: a Briançon, inda ya bar LeMond ya ƙara 13, a kowace kwana da ya taka birki da wuri. Da ya rage rabin daƙiƙa kawai a kowace rana, da wani labarin nake ba ku.

LeMond ya ci gasar duniya a Chambéry wata guda bayan haka, ya sake cin Tour a 1990. Fignon bai ƙara cin ta ba, ciwon daji ya ɗauke shi a 2010 yana da shekara 50. Rabon ɗan Faransa da wannan kofi tun Bernard Hinault a 1985.

Na ga an ɗaga hannu can baya. A miƙa masa lasifika.