Jawabin Maraba ga Farfesa a Taron Hausawan Agege

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Sarkin Hausawa, malamanmu, iyayenmu maza da mata, barkanmu da wannan rana. Allah gafarta Farfesa, sannu da hanya, sannu da cunkoson Legas. Lale marhabin.

Da aka ce mana baƙonmu masanin ƙwayoyin bakteriya ne masu cin nakiya, wani dattijo cewa ya yi lallai wasa ake. Amma mu nan Agege ba ma ɗaukar zancen nakiya da wasa. Ranar 27 ga Janairun 2002, ma'ajiyar makamai ta barikin Ikeja ta yi bindiga, mutum fiye da dubu suka rasu, da yawansu a magudanar Oke-Afa suka nutse suna gudun tsira. Allah ya jiƙansu. Tun daga nan masu lambu a cikinmu ke tambaya: abin da ya zube a ƙasa, ina ya tafi?

Ɗalibanmu sun ɗan yi mana share fage. Ashe abin fashewa cike yake da naitirojin, sinadarin nan da muke saye da tsada a buhun yuriya. Kashi 46 cikin ɗari na yuriya naitirojin ne, a RDX kuwa, wata irin nakiya ta sojoji, kusan kashi 38 ne. Ga bakteriya, taki ne kwance. Akwai wata mai suna Rhodococcus rhodochrous 11Y da masana a Jami'ar York ta Ingila suka yi nazari a kanta. Tana da wani sinadari, XplA, da yake ɓalle naitirojin daga jikin RDX, ya fito a matsayin naitirait, ta mayar da shi amoniya, ta gina jikinta da shi. Har masanan sun dasa ƙwayar gadon da ke samar da XplA a jikin ciyawa, suka gwada a filin atisayen soja na Fort Drum a Amurka.

TNT, wata irin nakiyar kuma, ita ce mai taurin kai, in ji su: dafi gare ta, tana manne wa ƙasa. RDX kuma ruwan sama take bi ta gangara cikin ruwan ƙarƙashin ƙasa, kuma wannan ne ya fi tsaya mana a rai, don yawancinmu ruwan rijiya da burtsatse muke sha, da shi muke ban-ruwan alayyafo.

Farfesa, kunnuwanmu naka ne. Ga ruwa, a jiƙa maƙoshi, sannan bismillah.