Jawabi kan rana da lafiyar fata, a taron ƙungiyarmu na Melbon

Assalamu alaikum warahmatullah. Malam Shugaba, dattawanmu, iyayenmu mata, 'yan'uwa maza da mata, barkanmu da wannan zama.

Disamba ta shigo. A gida ana fama da hunturu, mu kuwa nan Ostareliya zafi ne ya kankama. Masu yara a firamare sun san dokar: yaron da ya manta hularsa, ranar babu wasa a fili, sai dai ya zauna a inuwa. Na ji wasu iyaye suna cewa wannan fitinar Turawa ce, mu da muka tashi a ranar Sakkwato da Maiduguri me za a gaya mana?

Mutanen nan ba da wasa suka kafa dokar ba. Kusan mutum 2 cikin 3 a ƙasar nan ana gano musu ciwon dajin fata a tsawon rayuwarsu. Tun 1981 hukumar yaƙi da ciwon daji ta jihar Biktoriya ta fara gangamin sa riga, shafa man kariya da ɗora hula, a 2007 aka ƙara da neman inuwa da sa tabarau. Abin da ke ƙona fata ba zafin da jiki ke ji ba ne, wani haske ne da ido ba ya gani. Yana iya yin ƙarfi ko da gari ya yi lumshi. In ma'auninsa ya kai 3, a nemi kariya. Manhajar SunSmart tana nunawa kullum a waya.

Gaskiya ne baƙar fata na da garkuwarta, ciwon bai cika kama mu kamar su ba. Matsalarmu ita ce ba ma dubawa, sai abu ya ci jiki. Akwai wani mugun iri da ke samunmu, yana fitowa ne a tafin ƙafa, tafin hannu ko ƙarƙashin farce, inda rana ba ta ma kaiwa. Shi ya kashe Bob Marley a 1981 yana da shekara 36, daga ɗan yatsan ƙafa ya faro. Tabon da ke girma ko sauya launi, baƙin layi a farce, gyambon da ya ƙi warkewa, a kai wa likita, kada a tsaya shafa man zafi. Masu shafa man bilicin kuma, ku yi haƙuri da ni, garkuwar da Allah ya ba ku kuke kankarewa.

Iyayenmu mata masu lulluɓi, naku daban ne: ƙarancin bitamin D ya fi yawa a cikinku, gwajin jini kawai likita zai yi.

Amma abin da ya sa na nemi izinin magana shi ne 'yan'uwanmu zabiya da ke gida. Fatarsu kusan ba ta da wannan garkuwa. Yaro zabiya a ƙauye yana bin mahaifinsa gona, yarinya tana talla da tsakar rana, leɓe ya tsattsage, wuya da kunne duk ƙuraje masu ɓawo. Da yawansu ciwon dajin fata ke ɗaukewa tun suna samari. Man da muke saya nan a kowane kanti, can ko an samu ya fi ƙarfin aljihun talaka.

Shawarata, duk mai tafiya gida ya ware wuri a jakarsa don man kariya mai lamba 50, da tabarau da riguna masu dogon hannu. Malafa kuwa kada a ɗauko daga nan, a saya wurin masaƙanmu, su ma su samu. A kuma yi wa iyayen yaran bayani da bakinmu: a shafa kafin a fita, a sake bayan awa 2. Malam Ma'aji zai zagaya da takarda bayan sallar La'asar, masu niyya su rubuta suna da watan tafiyarsu.

Na gode. Wassalamu alaikum.