Yadda kwamfuta ke ɗauko farashi daga kasuwar caca

An rubuto wannan ne daga laccar da wani malamin kwamfuta ya yi wa matasa a wani ƙauye kusa da Gumel.

Assalamu alaikum. Wani ƙanena a cikinku ya tambaye ni yadda ake haɗa kwamfuta da Betfair, wata kasuwar caca ta intanet. Caca haramun ce, kun sani na sani, ba kuma ita na zo koya muku ba. Amma tsarin da suke raba bayanai da shi abin kallo ne ga mai koyon rubuta manhaja, shi za mu buɗe.

Andrew Black da Edward Wray ne suka kafa Betfair a Landan a shekarar 2000. Shagon caca da kuka sani, da mai shago ake karawa. A nan kuwa mutum biyu ne, wannan ya ce abu zai faru, wancan ya ce ba zai faru ba, kamfanin yana tsakiya yana cin la'ada kamar dillalin shanu a Maigatari ranar Alhamis. Lambar da ke kan allo farashi ce: 2.0 na nufin kasuwa ta ba abin kashi 50 cikin 100, 4.0 kuma kashi 25.

Manhajarka tana shiga ne ta ƙofar da ake kira API, da makulli biyu: na manhajar, da shaidar shiga wadda ke mutuwa idan ba a sabunta ta ba. Makullin kyauta farashi mai jinkiri yake bayarwa, na kai-tsaye sai an biya.

To, nan ku kasa kunne. Hanya biyu ce. Ko dai ka riƙa aika tambaya kana karɓar amsa, kamar yaron da ake aika kasuwa sau goma, ko ka buɗe layi guda ka bar shi a buɗe. A ta biyun, da farko za a turo maka hoton kasuwar gaba ɗaya, daga nan sai abin da ya canza kaɗai. Dillali ya faɗa maka farashin komai da safe, bayan haka sai ya riƙa raɗa maka, ja ya tashi, baƙi ya sauka. Idan aka turo farashi da sifili a gefensa, to ka goge shi daga lissafinka. Raɗa ɗaya ta wuce ka, duk abin da ke hannunka ya zama ƙarya, kuma kwamfutar ba za ta yi tari ba.

Abin ya taɓa cin ni. Ina gwaji da sabis irin namu na nan, na ɗora waya a kan katanga, sai allo ya tsaya cak. Na ɗauka kasuwa ce ta yi sanyi, ashe layi ne ya yanke tun ɗazu. Shi ya sa suke turo ɗan saƙon "ina nan" duk daƙiƙa 5 idan babu canji, da wata lamba da za ka mayar musu su ci gaba daga inda ka tsaya.

Tsofaffin bayanai kuma sauke su ake yi a matse, layi-layi na JSON, wato wani tsarin rubuta bayanai da kwamfuta ke iya karantawa. Na kyauta sau ɗaya a minti yake ba da farashi, mafi tsada kuwa sau 20 a daƙiƙa. Lokacin da ke ciki ƙirge yake daga 1 ga Janairu 1970 a agogon GMT, sai ku ƙara awa guda ya zama namu.

Aikin gida: a Maigatari, mutum ɗaya ya rubuta farashin kwanon gero, dawa da wake da safe, bayan haka canji kawai zai riƙa turowa. Sauran ku rubuta manhaja da harshen kwamfuta na Python, wadda za ta fito da farashin la'asar. Ni kuma zan ɓoye saƙo guda ba tare da na faɗa muku wanne ba. An kira sallah, mu tashi.