Taku Dubu Goma: Wa Ya Yanka Mana Wannan Adadi?

Jama'a masu sauraronmu a Kumasi da kewaye, assalamu alaikum, barkanmu da war haka.

Daren Talatar da ta wuce, bayan an idar da sallar isha'i, na leƙa gidan wani dattijo maƙwabcinmu a Aboabo don in gaishe shi. Na tarar da shi yana zagaye tsakar gida, daga bakin famfo zuwa ƙofar madafa, ya juyo, ya sake komawa, waya a hannu, jikoki sun jeru a kan benci suna kallonsa. Na ce, "Baba Alhaji, lafiya dai ko?" Bai tsaya ba. Ya ce, "Lafiya lau, ɗana. Saura taku 800 in cika. Zauna, ina zuwa." Ɗansa da ke Jamus ne ya aiko masa da wayar bayan likita ya ce jininsa ya hau, ya kuma roƙe shi kada ya kwanta sai lambar da ke fuskar wayar ta kai 10,000. Dattijon ya haura shekara 70, gwiwarsa ta dama tana damunsa. Ran da bai cika ba, in ji Hajiya uwargidansa, ko barcin kirki ba ya yi, gani yake ya ci amanar ɗansa.

Tun daren nan nake ta juya maganar a raina. Wa ya yanka wannan adadi? Me ya sa bai zama 8,000 ko 12,000 ba?

Asalin abin daga ƙasar Japan ne, kuma daga kasuwa ya fito. A 1964 birnin Tokyo ya karɓi baƙuncin wasannin Olamfik, mutanen ƙasar suka shiga sha'awar motsa jiki. Shekara guda bayan haka, a 1965, wani kamfani mai suna Yamasa ya fito da 'yar na'urar da ake maƙalawa a ƙugu tana ƙidaya taku. Suka raɗa mata suna manpo-kei, wato ma'aunin taku dubu goma. Suna ne mai daɗin faɗi, adadi ne cikakke mai sauƙin riƙewa, kaya suka karɓu. Daga nan adadin ya ƙetare teku, ya shiga littattafan lafiya, ya shiga agogon hannu, har ya iso tsakar gidan Baba Alhaji bayan shekara 60. Taku 10,000 kuwa ba wasa ba ne, tafiyar kilomita 7 zuwa 8 ce ga yawancin mutane.

Da masu bincike suka zo auna maganar, abin da suka gani ya fi sauƙi. A 2019 wata malama a jami'ar Harvard ta Amurka, Farfesa I-Min Lee, da abokan aikinta sun fitar da sakamakon bin diddigin mata tsofaffi kusan 17,000, waɗanda matsakaicin shekarunsu 72 ne. Matan da ke yin taku wajen 4,400 a rana, mutuwa ta ragu sosai a cikinsu idan aka gwada da masu yin 2,700. Amfanin ya ci gaba da ƙaruwa har zuwa wajen 7,500, daga nan ya daidaita. A lura, tsofaffin mata ne na Amurka, matashi ɗan shekara 25 kada ya fake da wannan ya kwanta. Amma ga irin su Baba Alhaji albishir ne babba: mafi yawan ribar tana cikin tashi daga zama zuwa ɗan tattaki, tun kafin a kai ko rabin dubu goma. Ita kuma Hukumar Lafiya ta Duniya da minti take lissafi, ta ce baligi ya samu aƙalla minti 150 a mako na motsin da ke sa numfashi ya ɗan ɗaga. Rabin awa ke nan a rana, kwana biyar.

Ita wayar ma yaya take ƙidayar? A cikinta akwai wata 'yar na'ura da ba ta fi ƙwayar shinkafa girma ba, aikinta jin girgiza da karkata. Ita ce ke juya hoto idan ka kwantar da wayar a gefe. Duk takun da mutum ya yi, jiki na ɗan ɗagawa ya sauka, na'urar ta ji wannan bugu, manhaja ta lissafa shi taku ɗaya. Shi ya sa in ka hau trotro, ƙaramar bas ta haya, a hanya mai ramuka za ta iya rubuta maka takun da ba ka yi ba. Uwar gida kuwa da ta bar wayarta a kan gado ta wuni tana shara da wanki da ɗiban ruwa da kai-komo tsakanin murhu da ɗaki, da dare wayar za ta nuna mata kamar ba ta motsa ba. Kiyasi ne kawai, a ɗauke shi a matsayin kiyasi.

To amma abin da ya fi tsaya mini a rai ba kuskuren lissafi ba ne. Wayar nan da ke ƙirga mana taku, ita ce ta cinye mana rabinsu.

Mu waiwaya baya kaɗan. Mu mutanen zango, sunan unguwanninmu kansa na matafiya ne. Zango shi ne inda ayari ke sauke kaya a kwana. Kakanninmu fatake sun taso daga Kano da Katsina da Sakkwato, suka ƙetare Kwara, suka ratsa ƙasar Bargu ta Nikki da Jugu, har Salaga a ƙasar Gwanja. Ko a miƙe aka auna, tsakanin Kano da Salaga ya haura kilomita 1,000, hanyar ayari kuwa ba ta miƙewa. In ka mayar da wannan taku, ya wuce miliyan guda a zuwa kawai, da kaya a ka ko a bayan jaki, madugu na ja da ayari, jagaba na gaba yana duba hanya. Watanni ake yi. Suna kawo kanwa da rinannun tufafi da kayan fata, su koma da huhunan goron da aka tsinko a dazuzzukan Asante, ana kwancewa a hanya ana yayyafa ruwa, ana tsince wanda ya fara lalacewa don kada ya ɓata sauran. Dole kuma a faɗi gaskiya, a kasuwar Salaga an sayar da bayi, kuma cikin ƙafafun da suka taka wannan hanya akwai na waɗanda ba da son ransu suka taka ta ba. Bayan Ingila ta ci Kumasi da yaƙi a 1874, sannan yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga a 1892, 'yan kasuwa da malamai suka watsu zuwa Kete Krachi da Kintampo da Kumasi da Accra. Alhaji Umaru na Kete Krachi, babban malamin nan kuma marubucin waƙoƙi da aka haifa a Kano, yana cikin waɗanda suka bar Salaga a wancan zamani. Goron da suka yi wa wannan doguwar tafiya kuwa, sunansa na Turanci ne rabin sunan Coca-Cola, lemon da aka fara haɗawa a Atlanta ta Amurka a 1886.

A zamaninsu kuɗi ma kaya ne. Wuri ake kashewa, ɗan ƙwanson nan fari da ake kawowa daga tsibiran Maldif a tekun Indiya. Kalmar kuɗi da muke faɗa kullum jam'in wuri ce. Wuri 20,000 shi ne keso guda, kayan ƙato ɗaya, sai an ɗora masa a ka. Mai son biyan babban bashi sai ya nemi masu dako. Sidin da ke aljihunmu yau ma daga nan ya samo suna, domin a harshen Akan sunan wuri ke nan, kuma a 1965 Ghana ta ajiye fam ta ɗauki sidi, shekarar da Japanawa suka fito da ma'aunin takunsu. A 2007 aka datse sifiri huɗu, tsohon sidi 10,000 ya koma sidi ɗaya, har gobe iyayenmu mata a kasuwa in sun ce miliyan guda, sidi 100 suke nufi.

Sai 2009, MTN ta kawo MoMo, wato tsarin tura kuɗi ta waya. A 2018 aka haɗa layukan, ya zama kana iya tura kuɗi daga wannan kamfani zuwa wancan. Ba wanda zai raina wannan ni'ima. Na san lokacin da in za ka aika wa mahaifiyarka kuɗi a Tamale ko Bawku sai ka je tasha da sassafe ka damƙa wa direba ambulan, ka dawo zuciyarka na ɗar-ɗar har sai an ce ya isa. Yau kafin shayi ya huce saƙo ya shiga. Amma a ƙirga abin da ya tafi tare da ambulan ɗin. Zuwa tasha ya tafi. Zuwa ofishin biyan kuɗin wuta da na ruwa ya tafi. Zuwa gidan mai adashi ya tafi. Gudummawar suna da ta biki, da a da sai ka sa riga ka taka har Asawase ko Sawaba ka miƙa hannu da hannu, yanzu "na tura ta MoMo" ta wadatar. Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi aike, suna nufin girmamawa da zumunci, ashe har da lafiyar ƙafa da ta zuciya a ciki. Abin da waya ta rage, pragya, keken haya mai ƙafa uku, ta kwashe. Daga Aboabo zuwa kasuwar Kejetia tafiyar da ba ta kai awa guda ba ce a ƙafa, iyayenmu sun yi ta safe da yamma. Yau matashi mai jini a jika zai tsaya minti 20 a rana yana jiran abin hawa don tafiyar da zai gama a minti 10. Tuwo da waakye da shayi mai sukari cokali huɗu suna nan yadda suke, tafiyar da ke ƙona su ce ta ragu. Sai hawan jini da ciwon suga suka zama hirar kowane zaman makoki.

Ba kowa wannan magana ta shafa ba, kuma bai kamata in wuce ban faɗa ba. Ku tsaya a bakin Kejetia da hantsi ku dubi 'yan matan nan kayayei, yawancinsu daga Arewa, kwano a ka an jibga masa doya ko buhun shinkafa, wata da goyo a baya, suna kutsawa tsakanin motoci. Ko sunan nasu rabinsa namu ne, kaya daga Hausa, yei kuma mata a harshen Ga. Su ba ƙarancin taku ke damunsu ba. Ciwon wuya da na baya ke damunsu, da rashin wurin kwana mai aminci, da mai kayan da zai sa a kai masa nesa sannan ya tsaya yana ja-in-ja a kan sidi biyu. In kin ɗora wa yarinyar mutane kaya, Hajiya, ki biya ta da kyau, ki rage mata nauyi in ya yi yawa. Tafiyar da take yi ba motsa jiki ba ce, neman abinci ne.

Mu da muke zaune a shago da ofis da bayan sitiyari, mu ne masu bashin taku. Kuma ƙidayar taku ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Malamanmu suna karantar da mu labarin Banu Salima, mutanen Madina da suka so su taso su dawo kusa da masallaci saboda nisa, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce su zauna a gidajensu, ana rubuta musu sawayensu. Mai zuwa jam'i sau biyar a ƙafa ya riga ya samu tafiya goma a rana, zuwa da dawowa. In masallacin na ƙofar gida ne, ya ƙara da zagayen unguwa bayan asuba, kafin rana ta yi zafi, kafin hayaƙin motoci ya tashi. Masu ƙarfi ga ƙungiyoyin motsa jiki da ke fita safiyar Asabar ta wajen filin wasa na Baba Yara. Mai ciwon zuciya ko gwiwa ya fara jin ta bakin likitansa.

Sai dai in za a ce mutane su yi tafiya, a ba su inda za su taka. Unguwanninmu da yawa ba su da gefen hanya na masu ƙafa, inda akwai kuma teburan 'yan tireda da motocin da aka ajiye sun cinye. Kwatoci a buɗe, fitilun titi sun mutu, babura na bi ta kowane lungu. Dattijo mai raunin gani ba zai fita da asuba a irin wannan hanya ba, mace ma ba za ta fita ita kaɗai ba. Shi ya sa Baba Alhaji ke zagaye tsakar gida. Wannan aiki ne na hukumomin gari da 'yan majalisar unguwa da sarakunanmu na zango, kuma rufe kwata da gyara fitila bai kai kuɗin gadon asibiti ba.

Na koma wurin Baba Alhaji ran Alhamis na ba shi labarin kamfanin Japan da na binciken matan nan. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Wato ɗan kasuwa ne ya sa ni wannan wahala?" Na ce, "Ɗan kasuwa ne ya yanka adadin, Baba, amma likitanka ya yi gaskiya da ya ce ka riƙa tafiya." Ya ce to shi ma ɗan kasuwa ne, jikan masu goro, ya san yadda ake sa wa kaya suna. Jiya bayan asuba muka fita tare, a hankali saboda gwiwar. Muka biya ya gaida wani amininsa da ya ce rabonsa da ganinsa ido da ido tun ƙaramar salla, sai dai waya. Suka daɗe a tsaye a ƙofar gida suna tambayar iyali ɗaya bayan ɗaya. A hanyar dawowa ya tsaya wurin mai koko ya sayi ƙosai na jikoki. Da muka iso gida ya ciro wayar daga aljihun jallabiya, ya miƙo mini in duba masa don bai fito da tabarau ba. Taku 4,600, ƙarfe bakwai bai yi ba.

Sai mun sake haɗuwa a wannan fili, a yini lafiya.