Jawabin Maraba Ga Mai Girma Kwamishina A Daren Waƙa Domin Masu Kwana A Tasha, Bukuru

Assalamu alaikum warahmatullah.

Mai girma Kwamishinar harkokin mata da walwalar jama'a, ranki ya daɗe. Iyayenmu masu unguwanni, malamai da fastoci, shugabannin direbobi, mawaƙa da makaɗa, barkanku da zuwa.

A madadin matasan da suka shirya wannan taro, ina yi miki barka da sauka a Bukuru. Da farko mun so mu kama miki zaure mai kujerun alfarma, daga baya muka ga gara mu kawo ki tasha, inda mutanen da muka taru dominsu suke kwana. Ki yi mana haƙuri da ƙura, kin kuma san hunturun Filato ba ya wasa. Duk wanda ya leƙo nan bayan sha biyun dare zai tarar da mutane jere a ƙarƙashin rumfunan masu shayi, kowa a kan kwali, wani ya zura ƙafafunsa cikin buhu don sanyi. Akwai almajirai, akwai 'yan dako, akwai tsofaffin da rikici ya raba da ƙauyukansu. Da safe muna wuce su, mai kirkin cikinmu ya ce "Allah ya ba da haƙuri" bai ko juyo ba.

Ranki ya daɗe, wani zai ce me ya haɗa kiɗa da wannan? Ai amsar a garin nan aka haife ta. Marigayi Adamu Ɗan Maraya Jos ɗan Bukuru ne, an haife shi a 1946, iyayensa suka rasu tun yana ƙarami, Sarkin Bukuru ya riƙe shi. Ya ɗauki kuntigi, gwangwani da fata da tsirkiya guda, ya yi wa karen mota waƙa, yaron da yake wanke mota, ya ɗora kaya, ya sha zagi, dare ya yi ya kwana a gindin taya. Fasinjan da ya saurari waƙar a rediyo, idan ya zo tasha sai ya ga ashe wannan yaro mutum ne mai uwa da uba. Ɗan Maraya ya rasu a 2015, amma har gobe direbobinmu suna sa waƙoƙinsa.

A ganina, wa'azi yana faɗa wa mutum abin da ya wajaba a kansa, ita kuwa waƙa binsa take har gida, yana cin tuwo amshin yana yi masa yawo a ka. Shi ya sa mawaƙanmu suka zauna da masu kwana a nan, suka sha shayi tare, suka nemi izininsu kafin su sa labarinsu a baiti. Wasunsu ma suna cikin 'yan amshi yau.

Kokenmu biyu ne, ranki ya daɗe. Muna roƙon a sama mana ɗaki mai rufi da makewayi kusa da tasha kafin sanyi ya tsananta, mu kuma za mu kula da shara da tsaro. Sannan a taimaka a sa waƙoƙin nan a gidajen rediyon jiha, ko da sau ɗaya ne a mako. Barguna kam 'yan kasuwa sun riga sun fara kawowa.

Ki sha ruwa, ranki ya daɗe. Makaɗa, bismillah.