Ƙanƙara a Fuska: Sanyin da Ke Sauke Kumburi da Sanyin da Ke Barin Tabo

Assalamu alaikum masu kallo. Wannan bidiyo zai yi bayani ne a kan wata al'ada da ta yaɗu a shafukan sada zumunta, wato goga ƙanƙara a fuska, ko tsoma fuskar ɗungurungum cikin kwanon ruwan ƙanƙara da sassafe, tare da abin da wasu shagunan gyaran jiki ke tallatawa da sunan gyaran fuska da sanyi. Masu tallar suna cewa sanyi yana rufe ƙofofin fata, yana kashe ƙuraje, yana share tamoji, har ma yana mayar da tsohuwa yarinya. A cikin waɗannan maganganu akwai gaskiya, akwai ƙari, akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba, wanda shi ne ya fi shafar mu masu baƙar fata.

Bari mu fara da abin da ke faruwa a lokacin da sanyi ya taɓa fata. A ƙarƙashin fatar fuska akwai ƙananan jijiyoyin jini masu ɗimbin yawa, kuma da zarar sun ji sanyi sai su tsuke domin jiki ya riƙe ɗuminsa. Idan suka tsuke, jinin da ke zuwa wurin zai ragu, ruwan da ke tsattsafowa daga cikinsu zuwa tsoka shi ma zai ragu, don haka kumburi ya sauka. Wannan shi ne dalilin da ya sa wanda ya tashi daga barci da kumburarrun idanu, saboda kuka ko rashin barci ko cin gishiri da yawa da daddare, yake ganin canji cikin 'yan mintoci idan ya ɗora cokali mai sanyi ko yankan kokwamba da aka ciro daga firji. Sanyin ne ke yin aikin, kokwambar kuwa matattarar sanyi ce kawai mai laushi. Haka kuma sanyi yana rage saurin saƙon da jijiyoyi ke kaiwa ƙwaƙwalwa, shi ya sa raɗaɗi da ƙaiƙayi ke lafawa. Bayan an ɗauke ƙanƙarar, jijiyoyin jinin kan sake buɗewa, jini ya kwararo da ƙarfi, fuska ta yi ɗan sheƙi, kuma wannan sheƙin ne ake ɗauka a hoto ana cewa fata ta gyaru.

Duk wannan gaskiya ne, sai dai ba ya daɗewa. Kafin azahar fuskar ta koma yadda take.

Batun rufe ƙofofin fata kuwa ba shi da tushe. Waɗannan ƙananan hudoji bakin ramukan gashi ne inda maiƙon fata ke fitowa, kuma ba su da wata tsoka a bakinsu da za ta buɗe su ko ta rufe su kamar ƙofar ɗaki. Girmansu ya danganta ne da gado, da yawan maiƙon da fatar mutum ke fitarwa, da kuma shekaru. Idan fatar da ke kewaye da su ta ɗan ɗame saboda sanyi, za su yi kamar sun ragu na ɗan lokaci. Haka abin yake ga ƙurajen fuska. Ƙurji babba, ja, mai zafi, zai iya rage kumburi da ciwo idan aka ɗora masa sanyi, amma abin da ya haifar da shi, wato toshewar rami da maiƙo da matattun ƙwayoyin fata da ƙwayoyin cuta, yana nan daram, kuma maganinsa yana wurin likitan fata.

Akwai wani sanyi na daban wanda likitoci ke aiki da shi, kuma yana da muhimmanci a raba shi da wancan, domin masu talla suna aron darajarsa su lulluɓe kayansu da ita. Tsakanin 1845 da 1851, wani likita a Ingila mai suna James Arnott ya riƙa cakuɗa dakakkiyar ƙanƙara da gishiri yana ɗorawa a kan ƙari domin rage girmansa da raɗaɗinsa. A 1907, wani likita mai suna William Pusey a birnin Chicago na Amurka ya shigo da daskararriyar iskar kabon dayoksaid, wadda sanyinta ya kai kusan digiri 79 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas. Daga wajen 1950 ne ruwan naitirojin ya shiga hannun likitocin fata, kuma shi ne ake amfani da shi har gobe. Sanyinsa digiri 196 ne ƙasa da sifili. Domin a gane tazarar, firjin gida yana tsayawa ne a wajen digiri 4 sama da sifili, firiza kuma a wajen digiri 18 ƙasa da sifili.

Manufar wannan sanyi na asibiti ita ce kisa. Likita yana fesa ruwan naitirojin a kan tsiron da yake son kawarwa na 'yan daƙiƙoƙi, ruwan da ke cikin ƙwayoyin halittar wurin ya daskare ya zama ƙananan tsinin ƙanƙara da ke yayyaga su, ƙananan jijiyoyin jinin da ke ciyar da su su toshe. Bayan haka wurin kan kumbura, wani lokaci ya yi bororo kamar ƙunar wuta, ya bushe, ɓawon ya faɗi cikin mako ɗaya ko biyu. Da wannan hanya ake cire tsiron fata da ƙwayar cuta ke haddasawa, da tabon da zafin rana ke jawowa wanda kan iya rikiɗewa ya zama ciwon daji, har da wasu nau'o'in dajin fata marasa zurfi.

A nan ne maganar ta zo kanmu. Launin fatarmu yana fitowa ne daga wasu ƙwayoyin halitta da ke samar da sinadarin melanin, kuma waɗannan ƙwayoyi su ne mafi rauni a gaban sanyi cikin duk abin da ke fatar ɗan Adam. Suna fara lalacewa a wajen digiri 4 zuwa 7 ƙasa da sifili, alhali sauran ƙwayoyin saman fata suna jurewa har sai sanyi ya kai wajen digiri 20 zuwa 30 ƙasa da sifili. Ma'anar wannan ita ce, kafin sanyi ya kai ga kashe tsiron da ake hari, ya riga ya gama da masu ba da launi. Ga Bature mai farar fata, ɗan hasken da zai rage a wurin ba lallai ne a lura da shi ba. Ga baƙin mutum kuwa, farin tabo ne a tsakiyar kumatu ko goshi, wanda zai iya ɗaukar watanni kafin launi ya dawo, kuma idan daskarewar ta yi zurfi, yana iya zama na dindindin. Wani lokaci akasin haka ke faruwa, wato wurin ya warke ya bar baƙin tabo da ya fi sauran fuskar duhu, domin baƙar fata takan amsa kowane irin rauni da ƙarin melanin.

Saboda haka ne likitocin da suka saba da baƙar fata suke taka-tsantsan da ruwan naitirojin a fuska. Misali, akwai wasu ƙananan baƙaƙen tsiro masu kama da ƙwayar gero da ke fitowa a kumatu da gefen idanu da wuya, musamman ga mata idan shekaru sun fara ja, waɗanda ba su da illa ga lafiya. Mutane da yawa suna son a cire su domin kwalliya, amma likitoci da dama sun fi zaɓar ƙona su da ƙaramin tsinken lantarki ko yanke su, saboda gudun farin tabo. Inda sanyi ke da rawar takawa sosai shi ne tabon nan mai tudu da ke ci gaba da girma bayan huda kunne ko wani rauni, wanda ya fi yawa ga baƙaƙen mutane. Ana daskarar da shi, galibi tare da allurar da ake yi a cikin tabon, kuma akwai hanyar da ake soka wata allura mai sanyi a tsakiyarsa ta daskarar da shi daga ciki, domin saman fata ya tsira da launinsa gwargwadon hali.

To, ina matsayin gyaran fuska da sanyi na shaguna? Abin da ake yi shi ne hura tururin naitirojin ko iska mai tsananin sanyi a fuska na 'yan mintoci, ana yawo da bakin bututun ba tare da tsayawa wuri ɗaya ba. Idan an yi shi daidai, sakamakonsa bai wuce na ƙanƙarar gida ba: kumburi ya sauka, fuska ta yi sheƙi na ɗan lokaci. Da'awar cewa yana sa jiki ya ƙera sabon kolajin, wato sinadarin da ke riƙe fata ta yi tauri, ba ta da ƙwaƙƙwaran binciken da ya tabbatar da ita. Wannan sana'a ta samo asali ne daga ɗakunan sanyi da ake shigar da mutum gaba ɗayansa, waɗanda wani likita a Japan, Toshima Yamauchi, ya fara a 1978 domin masu ciwon gaɓoɓi. A 2016 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fito fili ta ce ba ta amince da ko ɗaya daga cikin irin waɗannan na'urori na sanyaya jiki gaba ɗaya a matsayin maganin wata cuta ba, ta kuma yi gargaɗi a kan ƙunar sanyi da raunin ido. Idan kuwa hannun mai aikin ya daɗe a wuri ɗaya, to an tsallaka daga kwalliya zuwa daskarewa, ba tare da likita a wurin ba. A ganina, kuɗin da ake biya bai dace da ribar ba, kuma kasadar ta fi nauyi a kan mai baƙar fata.

Wanda yake son amfanin sanyi zai same shi a gida cikin sauƙi. Kada a ɗora ƙanƙara tsirararta a fuska, domin wadda aka ciro daga firiza sanyinta ya zarce wanda ke illata masu ba da launi. A naɗe ta a ƙyalle mai tsabta da laushi, a riƙa zagayawa da ita a hankali, kada a bar ta a wuri ɗaya fiye da minti ɗaya, kuma duka aikin kada ya wuce minti goma. Da zarar fata ta fara zugi, ko ta daina jin taɓawa, ko ta yi fari ta yi tauri, a dakata nan take, a bar ta ta ɗumama da kanta ba tare da murzawa ko zuba ruwan zafi ba. Fatar ƙarƙashin ido ita ce mafi sirantaka a fuska, don haka cokali ko tawul da aka sanyaya a firji ya wadatar da ita. A kuma kula da ruwan da aka yi ƙanƙarar da shi, domin wadda ake saye a leda don sanyaya lemo ba kullum ake yin ta da ruwa mai tsabta ba, kuma bai kamata ta taɓa ƙurjin da ya fashe ba. A lokacin hunturu, sa'ad da iska ta riga ta busar da fata har tana tsagewa, ya fi kyau a rage, sannan a shafa mai bayan an gama.

Akwai kuma waɗanda bai dace su yi ba sam sai da izinin likita. Na farko su ne masu cutar sikila, wadda Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu ɗauke da ita, domin sanyi yana cikin sanannun abubuwan da ke tayar musu da ciwo ta hanyar tsuke jijiyoyin jini. Masu ciwon zuciya su guji tsoma fuska cikin ruwan ƙanƙara, saboda yin hakan tare da riƙe numfashi yana sa bugun zuciya ya ragu farat ɗaya. Akwai mutanen da sanyi ke sa fatarsu ta tashi da rudu-rudu mai ƙaiƙayi, da waɗanda yatsunsu ke yin fari su yi ciwo idan sun taɓa abu mai sanyi, su ma su nisance shi. Sannan duk wadda ta daɗe tana shafa man bilicin ta sani cewa yawancin irin waɗannan mayuka suna ɗauke da sinadaran da ke sirantar da fata har jijiyoyi su bayyana, kuma irin wannan fatar takan ƙone da sanyin da lafiyayyar fata za ta jure, ta kuma yi jinkirin warkewa. Idan bayan amfani da ƙanƙara ko na'urar shago aka ga bororo, ko wani wuri ya canza launi bai dawo ba bayan kwana biyu, kada a fasa bororon, kada kuma a shafa masa man goge baki ko wani haɗi na gida, a tafi da shi asibiti a nuna wa likitan fata.